Dukiyar Yaro Kafin Ya Girma: Wasiyyi, Banki, Gidan Haya, Kamfanin Amana ko Wakafi?

Mutum biyu nake yi wa wannan rubutu. Na farko uba ne ko uwa, da rai da lafiya, an tara ɗan abin da Allah ya hore, ana kallon yara ƙanana ana tunanin idan ta Allah ta kasance wa zai biya musu kuɗin makaranta da na asibiti. Na biyu kuwa an riga an yi rasuwar, an share makoki, an raba gado, kason marayu ya faɗo hannunsa, ga kuma kuɗin fansho ko na inshorar rai da wurin aikin mamaci ya biya. Tambayarsu ɗaya ce: ina za a ajiye wannan dukiya, kuma wa zai riƙe ta har yaro ya mallaki hankalin kansa?

A iya abin da na gani a gidajenmu, ba kasafai ake kwashe dukiyar maraya rana ɗaya ba. A hankali take zirarewa. Yau an ranta wa ƙanin uba zai mayar bayan girbi, gobe an taɓa an yi kayan ɗakin yayarsu, jibi farashin kaya ya cinye abin da ya rage, kuma ba a rubuta ko ɗaya ba. Ranar da yaro ya zo neman kuɗin rajistar jami'a sai a shiga kallon-kallo, zumunci ya lalace a kan abin da littafin lissafi na naira ɗari biyar zai iya karewa.

Ma'aunan da za a auna kowace hanya da su

Abu biyar nake dubawa. Shin tsarin zai tsaya a gaban alƙali idan wani magaji ya ja? Nawa yake ci, a farko da kuma duk shekara? Zai ɗore, wato darajar kuɗin za ta jure wa hauhawar farashi, kuma tsarin zai ci gaba idan mai riƙon shi ma ya rasu? Da wane sauƙi ake fitar da kuɗi ranar da aka kwantar da yaro a asibiti ko aka koro shi daga makaranta? Na ƙarshe, wanda ya fi kowanne nauyi a wurina: wa ke duba mai riƙon?

Ma'aunin ɗorewa yana bukatar lissafi kaɗan. A watan Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'ana, naira miliyan ɗaya da aka kulle a akwati shekara guda ta dawo tana sayen abin da kusan 742,000 ke saya a da. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ga kuma zakka, wadda a mazhabar Malikiyya tana hawa kan dukiyar maraya. Kuɗin da ya kai nisabi aka bar shi zaune ana cire masa kashi 2.5 duk shekara, cikin shekara goma ya rasa kusan kashi 22. Shi ya sa Sayyidina Umar ya yi umarni a juya dukiyar marayu kada zakka ta cinye ta, kamar yadda Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa.

Iyakar da Shari'a ta shata

Kafin zaɓi, Musulmi ya san cewa babu wata takardar lauya da ke tsallake rabon gado. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga mai gado sai da yardar sauran magada. Ɗanka mai gado ne. Don haka ba za ka rubuta cewa bayan ranka a ware wa autanka miliyan goma kafin a raba ba. Hanyar da ta rage ita ce kyauta tun kana da lafiya, kuma kyautar ba ta cika sai ta bar hannunka. Sayyidina Abubakar ya taɓa ba Nana A'isha dabino wusuƙi ashirin (wusuƙi wani babban ma'auni ne), ba ta kai ga karɓa ba har ciwon ajali ya kama shi, ya ce mata yanzu ya zama dukiyar magada.

A nan akwai wani hukunci da mutane da yawa ba su sani ba. A Malikiyya uba na iya riƙe wa ƙaramin ɗansa abin da ya ba shi kyauta, kamar gona ko shago, muddin ya kafa shaidu. Amma an togace abu biyu: tsabar kuɗi, da gidan da uban yake zaune a ciki. Idan ka ce “wannan miliyan biyun na Fatima ne” alhali suna cikin asusunka kana juya su, ka rasu a haka, sun koma cikin gado. Sai sun fita zuwa hannun wani ya riƙe mata. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya kai maganar gaban malamin da ya san fiƙihun gado kafin ya sa hannu a ko'ina. A tuna kuma da hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yin shaida a kan kyautar da aka fifita ɗa ɗaya da ita. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya sa batun kyauta, wasiyya, wakafi, gado da walicin yara a ƙarƙashin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wato can rigimar za ta nufa idan ta tashi. Wanda ba Musulmi ba yana da 'yancin da ya fi wannan faɗi wajen rubuta wasiyya, amma sauran ma'aunan duk sun hau kansa.

Wasiyyi daga cikin dangi

Wannan ita ce hanyar da muka gada, wato a naɗa ɗan'uwa ya riƙe wa maraya dukiyarsa, kuma ita Alƙur'ani ya yi wa ƙa'ida dalla-dalla a Suratun Nisa'i: a jarraba marayu, idan sun balaga aka ga shiriya a tare da su a miƙa musu dukiyarsu, a kafa shaidu wajen miƙawa, mawadaci ya kame, matalauci ya ci gwargwadon abin da aka sani. Aya ta 10 ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikkunansu.

Ba ta da tsada. Ba lauya, ba kuɗin shekara. Ba ta da na biyu wajen sauƙi, domin baffa ko uwa sun san yaron, sun san takalminsa ya tsinke, sun san wace makaranta ta dace da shi, kuma ƙarfe biyun dare ma ana iya buga musu ƙofa. Idan aka dace da mai tsoron Allah wanda ya iya kasuwa, babu kamfanin da zai juya dukiyar kamarsa.

Matsalar tana wajen dubawa. Wa zai iya tsayawa gaban babban wa ya ce Yaya, ina lissafin kuɗin marayu? Kunya ta hana uwa tambaya, musamman idan tana zaune a gidan dangin miji, kuma idan ta sake aure sai a ce ba ruwanta. Shi kansa wasiyyin mutumin kirki na iya haɗa kuɗin da jarinsa da kyakkyawar niyya, gobara ta tashi a kasuwa, ko shi ma ya rasu, 'ya'yansa su tarar da kuɗi a asusun ubansu babu wata takarda da ta nuna na wasu ne.

Wani abin lura: a Malikiyya walicin dukiyar yaro na uba ne, sai wanda uba ya naɗa wasiyyi, sai alƙali. Zama baffa ko kaka kaɗai bai ba mutum wannan iko ba, haka ma uwa, duk da ita ce kan gaba wajen reno. Uban da ya yarda da matarsa, ya naɗa ta wasiyyiya a rubuce tun yana raye, ya hutar da ita daga wulaƙanci mai yawa. Kuma ana iya gyara raunin wannan hanya ba tare da kashe kuɗi ba: a naɗa mutum biyu, ɗaya daga dangin uba ɗaya daga na uwa, a buɗe asusu na daban da ba ya fitar da kuɗi sai da sa hannunsu duka, a kuma ajiye rana guda a shekara, misali bayan ƙaramar salla, da za a karanta lissafi a gaban liman ko dattijon gida.

Asusun yara a banki

Kusan kowane banki yana da shi, har da marasa kuɗin ruwa irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019 da Lotus a 2021. Takardar haihuwa, hoto da shaidar mai kula da yaro sun wadatar. Yana raba kuɗin yaro da na kowa, yana barin sawu a rubuce, kuma tun 2024 hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ɗaga abin da take lamunce wa kowane mai ajiya daga 500,000 zuwa miliyan biyar. Rushewar bankin Heritage a watan Yunin 2024 ta tuna wa mutane cewa wannan iyaka ba ado ba ce.

Sai dai asusu ma'aji ne kawai. Ba ya tambayar mai sa hannu me zai yi da kuɗin. Ribarsa ba ta kamo hauhawar farashi. Idan aka manta da shi yakan daskare, bayan shekara goma kuma a tura kuɗin wani asusu na Babban Banki sai an bi da takardu. Kuma yaro na cika 18 ikon yakan koma hannunsa, ko ya yi hankali ko bai yi ba. Wurin ajiye kuɗin shekara ɗaya ko biyu ne, ba wurin da za a binne gadon yaro ɗan shekara uku ba.

Gidan haya, shago, gona ko dabbobi

Bahaushe ya fi natsuwa da abin da idonsa ke gani, kuma yana da hujja: a shekarun da naira ta zube, wanda ya saya wa marayu gida ya fi wanda ya bar musu kuɗi a banki. Kuɗin haya kuma yana shigowa shekara-shekara kamar yadda kuɗin makaranta ke fita.

Tsadarta tana farko: la'adar dillali, kuɗin lauya, kuɗin neman amincewar gwamna a kan sauya mallaka. Dokar filaye ta 1978 ta hana gwamna bai wa wanda bai kai shekara 21 ba takardar mallaka kai tsaye, sai dai ta hannun mai kula da shi ko amintaccen da aka naɗa masa. To ka ga nan ma ba a tsira daga neman mutum amintacce ba. Sannan ga gyaran rufi, ga ɗan haya mai taurin bashi, ga ɗan'uwan da zai tare “na ɗan lokaci” ya shekara bakwai ba ko sisi. Fili da babu gini ba ya ciyar da kowa, kuma shi aka fi sayarwa sau biyu. Gida ba ya yankuwa: ba a sayar da ɗaki ɗaya don biyan kuɗin tiyata. Dabbobi suna haihuwa, amma a yankunan da satar shanu ta addaba ba zan ba kowa shawarar zuba gadon maraya a garke ɗaya ba.

Kamfanin riƙon amana

Wannan ita ce baƙuwar hanya a wurinmu, don haka zan ɗan tsaya a kanta. Akwai kamfanoni da aikinsu ke nan, masu rajista da hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta SEC, irin su Stanbic IBTC Trustees, United Capital Trustees da ARM Trustees. Kai mai dukiya za ka miƙa musu kuɗi ko kadara, a rubuta yarjejeniya: ga yaran da za su amfana, ga abin da za a riƙa biya, ga inda aka yarda a juya kuɗin, ga shekarun da za a miƙa ragowar. Daga nan dukiyar ta bar hannunka, amma ba ta zama tasu ba. A doka tana ware daga dukiyar kamfanin, masu bin sa bashi ba su da haƙƙi a cikinta.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne raba hannu biyu: mai riƙon yaro daban, mai riƙon kuɗi daban. Uwa ko gwaggo ta kawo takardar kuɗin zango, kamfani ya biya makaranta kai tsaye, ya tura mata kuɗin abinci na wata kamar yadda aka rubuta. Babu wanda zai zo da dare ya ce a ranta masa, domin ma'aikacin kamfani ba ya jin kunyar baffan kowa. Kamfani ba ya mutuwa kamar mutum, kuma dole ne ya ba da bayanin lissafi a rubuce. Ga uban da ke son yi wa ƙananan 'ya'yansa kyautar tsabar kuɗi, miƙa su ga amintacce na waje yana warware matsalar fitar kyauta daga hannu da na ambata a sama. Dukiyar da aka riga aka miƙa da rai kuma ba ta jiran takardar izinin kotu da kan tsayar da asusun mamaci wata da watanni.

Yanzu ga tsadar. Akwai kuɗin buɗewa da na lauya, sannan wani kaso da ake cira duk shekara, ko an ci riba ko ba a ci ba. Ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a nemi jadawalin a rubuce, a kuma tambayi ko akwai mafi ƙarancin abin da suke cira. A ƙaddara suna cire 150,000 a shekara. A kan miliyan talatin rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, ba komai. A kan miliyan ɗaya da rabi kuwa kashi goma ne, ya fi ƙarfin maraya. Ba kuma su da saurin dangi: sai an cike takarda, sai ranar aiki, kuma manyan ofisoshinsu sun fi yawa a Legas da Abuja. Lamunin NDIC bai shafi kuɗin da aka zuba a jari ba.

Abu huɗu ba zan sa hannu ba sai na gan su a cikin yarjejeniyar. Na ɗaya, a rubuta ƙarara cewa ba za a sa kuɗin a harkar ruwa ba. Wuraren halal suna nan: sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, wanda aka fara a 2017 da naira biliyan 100, ana shiga da 10,000, ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara, na 2025 ya zo da kashi 19.75 cikin ɗari a shekara, ga kuma asusun jari na halal irin na Lotus Capital. Na biyu, wa zai fitar da zakka, kuma yaushe. Na uku, a naɗa wani mutum daga dangi mai ikon ganin lissafi da sauya kamfanin idan ya gaza. Na huɗu, batun janyewa. Idan ka bar wa kanka ikon ɗebo kuɗin duk lokacin da ka so, sauran magada na da bakin cewa ba su taɓa barin mallakarka ba. Idan kuma kason gadon maraya ne aka kai, na yaron ne tun ranar rasuwa, ba a da ikon riƙe masa shi har shekara talatin don kawai an rubuta haka, alhali ya balaga kuma shiriyarsa ta bayyana.

Wakafin iyali

Wakafi, ko hubusi kamar yadda ake cewa a Kano, shi ne a tsare asalin kadara, ba sayarwa ba gado, amfaninta ya riƙa tafiya ga waɗanda aka ambata. Asalinsa gonar Sayyidina Umar ta Khaibar. Ana iya yin sa ga 'ya'ya da jikoki, kuma Malikiyya ta yarda a yi shi na ƙayyadadden lokaci. Jihohi irin su Kano, Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da wakafi da za a iya neman shawararsu. Ya fi kowace hanya hana sayarwa, wannan ne ƙarfinsa kuma shi ne nauyinsa: ranar da iyali suka shiga matsi, ga gida nan amma ba ya taɓuwa. Shi ma sai an yi shi da lafiya, ya bar hannu, kuma malamanmu sun tsananta a kan wanda zai yi wa 'ya'ya maza ya cire mata. Komai ya rataya a kan mai kula da shi.

| Hanya | Tsada | Ɗorewa | Sauƙin fitar da kuɗi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Wasiyyi na dangi | Kusan babu | Daidai da ran mutum da amanarsa | Nan take | Babu mai tambayar lissafi |
| Asusun yara | Kaɗan | Rauni gaban hauhawar farashi | Mai sauƙi | Mai sa hannu shi kaɗai ne |
| Gida ko gona | Mai yawa a farko | Mai ƙarfi | Mai wuya | Rigimar takardu, 'yan haya |
| Kamfanin amana | Farko da duk shekara | Mai ƙarfi idan an juya da kyau | Kwanaki | Caji ya cinye ƙaramin jari |
| Wakafi | Matsakaiciya | Mafi tsawo | Amfani kawai | Sakacin mai kula |

Wacce ta dace da wa

Ma'aikacin da ke da fansho da inshorar rai, wadda dokar fansho ta 2014 ta ce kada ta gaza ninki uku na albashin shekara, ya sani cewa kuɗi mai kauri zai faɗo wa iyalinsa rana ɗaya, a lokacin da suka fi kowa rauni. Mutumin da ma'aikacin ya rubuta a fom a matsayin makusanci ba shi ne magaji ba, mai karɓar saƙo ne kawai. Irin wannan mutum ya naɗa wasiyyi a rubuce tun yanzu, ya kuma bar umarnin cewa bayan an raba gado a kai kason ƙananan yara kamfanin amana.

Mai mata fiye da ɗaya, ko wanda ya san akwai tsama tsakanin ɗakuna, kamfanin amana ya fi masa, domin duk ɗan'uwan da ya naɗa za a ce ya karkata.

Kakan da ɗansa ya riga shi rasuwa ya bar jikoki, waɗanda baffanninsu za su katange su daga gado, shi ne ya fi kowa samun sarari: yana da sulusi guda da zai yi musu wasiyya da shi, ko ya yi musu wakafin gidan haya. Haka mai ɗan riƙo ko agola da ya shaƙu da shi. Iyayen yaro mai lalurar da za ta bi shi har girma su ma wakafi ko amanar da ba ta da ranar ƙarewa ta fi musu.

Wanda ke zaune inda babu ofishin kowa, dukiyar kuma gona ce, ya bar ta gona. A rubuta iyakokinta a gaban dagaci da shaidu, a ba da ita haya ko noma, a riƙa rubuta abin da ta bayar duk kaka.

Uwar da kason marayunta bai wuce miliyan ɗaya ko biyu ba, kada ta kai shi inda caji zai cinye shi. Ta je kotun Shari'a a tabbatar mata da riƙon dukiyar a rubuce, ta ajiye kuɗin bukatar shekara guda a asusun yara mai sa hannun mutum biyu, ragowar ta saya musu sukuk ko ta zuba a asusun jari na halal da sunansu, ta kuma ajiye kowane rasit na makaranta da na asibiti a jaka ɗaya har ranar da za ta miƙa musu a gaban shaidu.